Hajjin Ƙanin Mai Tamis

A gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda aiki ɗaya muka gada, kuma ba da shi muke ci ba. Abin da muke ci da shi ƙaramin shago ne a kasuwar Bab Makka, inda nake sayar wa alhazai harami da ɗamara da laima. Wanda muka gada shi ne hajjin badali, wato mutum ya yi aikin hajji a madadin wanda ya rasu bai samu zuwa ba. Kakana, wanda ya iso ƙasar nan da ƙafa ta hanyar Sudan, ya yi shi. Mahaifina ya yi shi. Ni ma na yi shi har ranar da gwiwoyina suka ce halas, wato ya isa haka.

Mahaifina ya bar mini tsarin aikin, ban ƙara ba, ban rage ba. Da farko sai an tabbatar mutum ya rasu, daga bakin wanda ya ga gawarsa ko ya tsaya a kan kabarinsa. Bayan nan a faɗi sunansa da na ubansa. Bayan nan ya shiga layi. Suna ɗaya ake ɗauka a shekara, domin niyya ɗaya mutum ke ɗaurawa a miƙati. Akwai masu karɓar suna uku ko huɗu a shekara guda, kowa a unguwa ya san su, ana gaisawa da su, amma mai hankali ba ya kai musu sunan ubansa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma na san akwai malaman da suka sassauta a wasu wuraren. Ni dai abin da na tarar a gida shi na riƙe. Saboda haka ne mutanen unguwa suka sa mini Malam Bi-da-bi, ban kuwa taɓa jin haushin sunan ba.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi da muke karya kumallo da shi da ful, wato dafaffen wake. Bukhari ne. Haka muke kiran duk wanda asalinsa ya fito daga ƙasashen Musulmi da ke bayan Afganistan, waɗanda a lokacin suna hannun Rasha. Ni ina ce masa ya ammi, wato baffana, shi yana ce mini ya waladi, wato ɗana, har na yi furfura bai sauya ba. Shi da mahaifina sun yi zaman amana mai tsawo. Kullum da safe akan aiko mana da tamis mai zafi daga tandarsa, mu kuma ranar Juma'a innata takan aika masa da tuwo da miyar kuka, wadda yake cewa kamanninta ba kyau amma ba ta bari a daina.

Labarinsa a jere yake, kuma na ji shi sau da yawa. Yana yaro 'yan gurguzu suka karɓe ƙasarsu, suka ƙwace gonaki, suka rufe masallacin ƙauyen. Ubansa ya ɗauke shi suka tsallake kogi suka shiga Afganistan, daga nan Indiya, daga nan jirgin ruwa zuwa Jidda. Uwarsa da ƙaninsa an bar su a baya, da niyyar a komo a ɗauke su idan an sami wurin zama. Kafin a samu, an rufe iyaka. Bayan shekaru wani ɗan ƙauyensu ya kuɓuto a lokacin babban yaƙin duniya, ya ce uwar ta rasu, shi da kansa yana cikin waɗanda suka binne ta. Ƙanin kuwa an ɗauke shi soja, daga nan ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Da uban ya zo rasuwa a nan Jidda, ya ce wa Mai Tamis hajjin uwarsa da na ƙaninsa suna wuyansa. Na uwar, mahaifina ne ya yi shi, tunda akwai shaida. Na ƙanin ya rage.

Yaran yanzu ba za su gane yadda duniya take a lokacin ba. Kashi biyu aka raba ta, Amurka da nata, Rasha da nata, kowa da makaman da aka ce za su iya ƙone ƙasa da abin da ke kanta. Mu a nan an san gefen da muke. Kalmar shuyu'i, wato ɗan gurguzu, ta fi zagin uwa nauyi, kuma mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son a ambace ta kusa da sunansa ko da wasa. Duk da haka muna jin ɓangarorin biyu, domin dukansu suna da tasha mai magana da Hausa. Bayan magariba mukan zauna a kan benci a ƙofar tandar, ni da Mai Tamis da wani tela, mutumin Najeriya da ya zo umara ya zauna. Rediyon nawa ne, saboda haka tsarin ma nawa ne: tashar Amurka da ƙarfi, sannan ta Rasha da murya ƙasa-ƙasa, rediyon a tsakanin gwiwoyina.

Abin mamakin shi ne da Hausa Mai Tamis yake jin labarin ƙasarsu. Ni ne nake juya masa da Larabci. Tashar Rasha takan ce auduga ta yi kyau a yankunan Musulmi, yara suna makaranta, tsofaffi suna zuwa masallaci ba mai hana su. Tashar Amurka takan ce an mayar da masallatai rumbunan ajiya, kuma mai azumi ana korarsa daga aiki. Ina faɗa masa duka biyun yadda na ji, ba na gyarawa. Shi ba ruwansa da audugar. Idan na gama sai ya tambaya ko sun ambaci sunan ƙauyensu. Ba su taɓa ambata ba.

Telan ɗan goyon bayan Amurka ne na gaske, ko da yake bai taɓa wuce filin jirgin Jidda ba. Hujjarsa ita ce motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ta Amurka ce kuma sanyinta ya fi na masallaci. Yakan ce mini ni ne kaɗai mutumin da ke sa manyan ƙasashe su yi layi kafin su yi ƙarya. Nakan ce masa ya fara daidaita hannun jallabiyar da ya ɗinka mini kafin ya daidaita duniya. Mai Tamis yakan yi dariya a makare, bayan na juya masa.

Kowace shekara akan ga alhazai daga ƙasar Rasha, amma ba su cika mota ɗaya ba. Mai Tamis yakan rufe tanda ya je masaukinsu da tamis a naɗe cikin ƙyalle. Sukan karɓi burodin su yi godiya. Da zarar ya ambaci ƙauye ko sunan ubansa, sai su kalli wani mutum da ke tare da su, wanda ba ya kama da mai niyyar hajji, su yi shiru. Ya yi haka shekara da shekaru, yana dawowa da ƙyallen a ninke.

Sai sojojin Rasha suka shiga Afganistan. Aka fara tara taimako a masallatai bayan sallar Juma'a, wasu samari suka tafi, tashoshin nan biyu suka ƙara zafi. A shekarun ne kuma ciwon ƙirji ya kama Mai Tamis, har ya daina tsayawa a bakin wuta, mijin 'yarsa ya karɓi tandar. Likita ya hana shi shiga cunkoso. Da can bai yi wa ƙanin hajji da kansa ba domin yana sa rai. Yanzu rai ya fara gajiya, jiki kuma ya ƙi.

Wata la'asar, ana saura 'yan watanni hajji, ya zo gidanmu da kansa, abin da ba ya yi. Ya gaida innata, ya zauna, ya ƙi shayi. Ya ce ya zo ya sa sunan ƙaninsa a layi. Na tambaye shi ko an sami labari. Ya ce babu. Na ce to ya san tsarin gidan nan, shi ma ya bi shi a kan mahaifiyarsa.

Ya yi magana mai tsawo, ban katse shi ba. Ya ce wanda aka kai yaƙin Jamus bai dawo da labari ba, mutuwarsa ta fi rayuwarsa kusa. Ya ce ko da yana raye, a wurin malamansu ana yi wa fursunan da ba a sa ran fitarsa, kuma ƙasar tasu duk gidan yari ce, mai ƙofa ɗaya, makullin yana hannun waɗanda ba su san Allah ba. Ya ce shi ba shi da sauran shekarun jira, kuma ba ya son ya tarar da ubansa da wannan kaya a wuya.

"Ya ammi," na ce, "idan na tsaya a miƙati, addu'ar mamaci zan yi masa ko ta rayayye?"

"Ka yi wadda ka ga dama, Allah ya san inda yake."

"Allah ya sani, ni ban sani ba. Kuma in na ɗaura masa niyya yana raye, na yanke ke nan cewa ƙofar ba za ta buɗe ba. Ban yarda da haka ba."

Ya dube ni kamar yaron da ya faɗi shirme a gaban manya. Ya ce ni da ke sayar da laima ne zan buɗe ƙofar da Amurka da duk makamanta ta kasa. Na ce ba ni zan buɗe ba. Amma kakana ya tarar da Turkawa a ƙasar nan, suka tafi. Mahaifina yana zaune a wannan ɗakin aka zo da labarin Ingilishi sun bar Najeriya, Faransa ta bar Nijar. Kowane mulki da na ji labarinsa zuwa ya yi, ya zauna, ya tashi, a jere. Ban ga dalilin da zai sa na Rasha ya tsallake mataki na ukun ba. Ya tashi bai yi sallama ba.

Washegari ba a aiko da tamis ba. Ranar da ta biyo ma haka. Innata ta kira ni ɗakinta ta ce mini mai taurin kai, ɗan mai taurin kai. Ta ce mutumin nan ya ɗauki gawar ubana a kafaɗarsa, in ya mutu da wannan baƙin ciki ba za ta yafe mini da sauri ba. Ta ce me zai ci mini in na yi, in ya karɓu ya karɓu, in bai karɓu ba ai lada ba ta ɓata. Na ce mata ranar da na ɗauki suna ba tare da shaida ba, ranar na zama ɗaya da masu ɗaukar suna huɗu, kuma duk hajjin da gidan nan ya yi wa mutane sai ya shiga shakka, har da na mahaifiyar Mai Tamis ɗin. Duk da haka ranar Juma'a ta aika masa da tuwonsa kamar kullum, kuma kwanon ya dawo a wanke.

Telan ya gaya mini Mai Tamis ya je wurin ɗaya daga cikin masu sassauci a unguwar Mahjar. Mutumin ya amsa tun kafin ya ji sunan. Wannan saurin ne ya sa dattijon ya juyo gida bai ba da sunan ba. Ya ci gaba da zama a benci da yamma, ni ma ina zuwa da rediyo, ina juya masa labarai, yana saurare yana kallon titi. Ya daina tambayar ƙauyen. Mun yi shekaru a haka. Duk safiyar da na ga tandar ta makara buɗewa, sai na je na leƙa gidansa kafin in wuce kasuwa, domin na san cikin abu biyu ɗaya zai riga ɗaya: ko labari, ko ajalinsa. Amma ban taɓa jin cewa na yi kuskure ba, kuma ba na ji yanzu.

Daga nan abubuwa suka fara zuwa bi da bi, yadda na ce. Tashar Rasha ta rage maganar auduga ta koma maganar gyara. Sojojinsu suka fita daga Afganistan. Aka ce katangar da ta raba Jamus ta faɗi. Telan ya ce aikin Amurka ne, na ce masa motar kafilinsa ce ta ture ta. Wata rana kuma aka ce ƙasar Rashar ma gaba ɗaya ta watse, kowane yanki ya kama gabansa. Na juya wa Mai Tamis wannan sau biyu, domin karon farko ya ɗauka Larabcina ne ya karkace.

Hajjin da ya biyo baya Bab Makka ta cika da mutanen da ba mu taɓa ganin irinsu da yawa haka ba. Tsofaffi masu haƙoran zinariya, mata masu ɗankwali mai furanni, wasu sun zo ta jirgi, wasu a motoci da suka yi makonni a hanya. Ba su da guzuri sai kaya. Suka shimfiɗa a bakin titi: madubin hangen nesa, agogon hannu, kyamara, zuma, hulunan gashi da ba wanda zai sa a Jidda. Mai Tamis ya sa aka kawo shi a mota. Ya yi ta tambaya har ya sami wani mutumin yankinsu, wanda ya ce ƙauyen nan an daɗe da tashinsa, an haɗe shi da wata babbar gonar gwamnati, tsofaffinsa kuwa duk sun ƙare.

Da yamma ya ce mini ga shaida, yalla, maza in sa sunan. Na tambaya ko mutumin ya san ƙanin. Bai san shi ba. Ya ga kabarinsa? Bai gani ba. Na ce wannan labarin ƙauye ne, ba labarin mutum ba. Telan da kansa ya ce mini in ji tsoron Allah. Mai Tamis ya sa hannu a ƙirji, aka shiga da shi gida.

A wannan karon na zauna na duba tsarin nawa da kyau. Na ga tunda ni ne na hana a tsallake matakin farko, ni ya kamata in nemo shi, yanzu da hanya ta samu. Na je wurin 'yar Mai Tamis ta koya mini magana ɗaya da harshensu: sunan ƙauyen, sunan uban, sunan ƙanin, da tambayar ko ka san shi. Na maimaita har ta daina dariya. Kullum da safe in sayi tamis a tandar kamar kowane baƙo, in ajiye a gaban shagona. Duk wanda na ga da irin hular nan tasu mai kusurwa huɗu, in miƙa masa burodi, in bari ya ci, sannan in yi tambayata. Suna mamakin baƙin mutum yana yarensu. Wasu su yi ta zuba mini magana, ni kuwa iyakar abin da na iya ke nan. Waccan shekarar ban samu ba. Na ci gaba a watannin umara, na ci gaba a hajjin gaba.

Wata tsohuwa ce ta tsaya da tauna. Ta maimaita sunan uban, sannan ta sunkuya ta sare gwiwarta ta dama da gefen hannu. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba sai don jana'iza, na ɗauke ta da ɗanta zuwa Kurayyat. Ban kai ta wurin Mai Tamis kai tsaye ba. Na fara kai ta wurin 'yarsa, na sa ta yi mata tambayoyina a jere. Ta san shi? Ta san shi, mai ƙafa ɗaya ne, yana gadin gonar 'ya'yan itace. Da idonta ta gan shi? Da idonta. Yaushe? Kafin ta taso, shi ya ba ta busassun 'ya'yan itacen da ke cikin jakarta. Sai da na ji wannan na ce a shiga da ita.

Ban shiga ɗakin ba. Na zauna a bencin waje har suka gama.

Shekarar da ta biyo ƙanin ya iso. Ni na je tarbarsa da mijin 'yar, domin Mai Tamis ba ya iya doguwar tsayuwa. Wani ɗan tsoho ne busasshe, da sanduna biyu, da kwat mai nauyi a wannan zafin, ƙirjin kwat ɗin cike da lambobin yaƙi, har da mai jan tauraro. A mota na nuna masa lambobin, na nuna aljihu. Ya gane, ya cire su ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni. Da suka haɗu da wansa ba su yi kuka nan take ba. Sun tsaya suna duban juna, kowa yana neman yaro a fuskar tsoho. Harshen Mai Tamis ya tsufa a bakinsa, na ƙanin kuma ya cakuɗe da Rashanci, sai da suka kwana biyu kafin hira ta miƙe.

A hirar ne muka ji nasa gefen. An gaya musu duk wanda ya gudu ya mutu a hanya, wanda bai mutu ba kuma yana bauta a rijiyoyin man Amurkawa. Shi tun tuni ya yanke cewa wansa ya rasu. Ya dafa shinkafa ya tara tsofaffi a ɓoye sun yi masa addu'ar mamaci, ba sau ɗaya ba. Mai Tamis ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ashe shi an riga an binne shi ba shaida, a ƙasarsu babu Malam Bi-da-bi.

Akwai abin da ban zata ba. Ƙanin ya yi shekaru da katin jam'iyyar gurguzu, domin ba a ba gurgu gadin gona sai da shi. Fatiha kuma rabi ya iya, abin da uwarsa ta koya masa a asirce, sauran ya zube. Telan ya same ni a benci ya ce sannu da ƙoƙari, na yi shekaru ina tsare wa shuyu'i wuri a Arfa. Na ce masa ya rage murya, sannan na ce shuyu'in ya ratso ƙasashe a kan ƙafa ɗaya, shi kuwa da ƙafa biyu da Makka a ƙofar gida asuba tana gagararsa.

Na ɗauki tsohon yadda ake ɗaukar kowa. Tsarki da alwala tukuna. Sannan Fatiha, aya bayan aya, wansa yana gefe yana gyara masa. Sannan talbiya. Ya so ya tsallaka zuwa addu'o'in ɗawafi domin ya ga wasu da ɗan littafi, na ce ba a kai nan ba. Yana da zafin rai irin na tsohon soja, yakan buga sanda a ƙasa ya yi mini faɗa da Rashanci, ni kuma in jira ya gama in ce mu koma farko. Kafin watan hajji ya kama, Fatiharsa ta tsaya da ƙafarta.

Sunan da ke kan layi a shekarar na mahaifin wata baiwar Allah ne a Mahjar. Na je na same ta na ce ina roƙon ta ɗaga mini zuwa baɗi, domin mamaci yana iya jira, wannan kuwa ba lallai ba ne. Ta yarda. Na zaɓo harami mai kauri a shagona, na ari keken guragu, na sa masa mai, na gwada tayoyinsa a layinmu.

Ni na tura shi. Na tura shi a ɗawafi, na tura shi tsakanin Safa da Marwa, na kai shi Mina, na kai shi Arfa, na riƙe masa laima. Ba shi da nauyi, amma yana da ba da umarni, yana nuna mini hanya da sanda a wuraren da na fi shi sani tun ina saurayi. Wajen ɗaura niyya kuwa ban taimake shi da ko harafi ba. Na tsaya a bayan keken na yi shiru, ya faɗa a hankali, da irin lafazinsu mai nauyi, bai ambaci sunan kowa ba domin tasa ce. A Arfa ya roƙi in juya keken ya fuskanci alƙibla sosai, sannan ya kore ni da hannu. Na matsa gefe na yi tawa addu'ar.

Da muka dawo Kurayyat, kansa a aske, hancinsa ya saɓule da rana, mun tarar da Mai Tamis a kan benci, an sa masa matashi a baya. Bai fara da ƙaninsa ba, ni ya kira.

"Ya waladi, da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa, ya ammi."

"Ba ka taya shi ba?"

"Ban taya shi ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce halas, ya sauke kayan da ubansa ya ɗora masa. Sannan ya ce wa mijin 'yarsa daga gobe a riƙa kai tamis gidan nan kamar da, kuma a zaɓi wanda bai ƙone ba, domin mai gidan mutum ne mai ƙorafi.

Ƙanin ya koma ƙasarsu bayan wata guda, da lambobinsa a ƙirji da jarkar zamzam. Mai Tamis ya ƙara 'yan shekaru, muna zama a benci, amma na daina fito da rediyo, domin ba sauran abin da zan juya masa. Rediyon yana cikin kabad har yanzu, jikokina suna tambayata mene ne. Shekarar da ta biyo na yi wa mahaifin baiwar Allahn nan ta Mahjar hajjinsa, kamar yadda na ce mata, layin kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya.